Jan Gashi a Ƙwaƙwalwar Mota

Ranar Lahadi da safe, ana cikin shan kofi a harabar tsohuwar ma'aikatar yanka katako ta Poiana Stei, inda ake kwantar da motocin tsere, aka tarar an yanke hatimin motar Ilinca Buzatu.

Domnu Vlaicu, shugaban alƙalan tseren hawan dutse, shi ya gani da idonsa. Ya ɗaga bonet zai jona kwamfutarsa, sai ga wayar da shi da kansa ya murɗa jiya ya matse da dalma tana reto. Da ya jona kuwa, kwamfuta ta ce ƙwaƙwalwar da ke cikin motar, wato ɗan akwatin da ke sarrafa inji, ba ta kamfani ba ce, an yi mata aikin ƙara wa inji ƙarfi.

A ajin motocin gida, irin waɗanda ake kai yara makaranta da su, dokar ba ta da tsawo. An yarda ka sa kejin ƙarfe, ka canja kujera da bel, ka ɗaura tukunyar kashe gobara, ka sa birki da taya masu kyau. Duk abin da zai hana ka mutuwa an yarda da shi. Abin da zai ƙara maka gudu kuwa, ko kusa ɗaya ce, ba a yarda ba. Wanda aka kama da taɓa ƙwaƙwalwa, direba a ƙwace lasisinsa, bakanike kuma sunansa ya lalace a duk kwarin, don babu mai sake ba shi mota.

Bakaniken Ilinca shi ne Horia Olaru. Nan da nan idanu suka koma kansa, kuma ba a rasa dalili ba. Horia yaro ne mai hannu, amma bakinsa ya fi hannunsa sauri. Babu mashayar da bai tsaya ya ce wannan doka ta tsofaffi ce ba, wai in an sakar masa mara, zai sa motar Ilinca ta yi fiffike. Yau ga maganarsa ta dawo ta same shi. Masu cewa "mun faɗa" sun fi kowa yawa, alhali jiya da yamma su ne suka ci naman da ya gasa.

Ilinca ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi rantsuwa ba. Ta ratsa taron ta je wajen wani dattijo da ke zaune kan kututture da tutar alƙalanci a cinyarsa, jan karensa kwance a ƙafarsa. Nea Zamfir ke nan, tsohon mai gadin daji, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun kerkeci da aladen daji da ɓarayin itace. Kuma shi ne mahaifin Horia.

"Nea Zamfir, ni ban yi ba," in ji ta. "Ka duba mana ƙasa kafin waɗannan su tattake ta."

Domnu Vlaicu ya dubi dattijon. Ya san uba ne ake nema ya binciki ɗansa, amma ya kuma san wannan uban ya taɓa kai ƙanin matarsa gaban hukuma saboda barewa ɗaya. Ya ce ya ba shi zuwa lokacin da za a tashi daga coci. In ƙararrawa ta kaɗa ba a sami wani ba, zai yanke hukunci a kan wanda ke hannu.

*

Ƙasar harabar duk garin katako ce, kuma an yi yayyafi, don haka ba ta ɓoye komai ba. Zamfir ya tsuguna, gwiwoyinsa suna ƙara. Wani ya shigo ta shingen baya inda katako biyu suka ruɓe, ya zo gefen motar, ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya daɗe. Takalminsa irin mai bakin ƙarfe ne, wanda kowane bakanike daga nan har bakin teku ke sawa. Sawun ya koma ta inda ya fito, ya ɓace a hanyar bakin kogi inda masu tirela suka yi ta juyawa jiya. Mai gadin harabar kuwa, da aka tambaye shi, ya ce bai ga kowa ba, kuma Zamfir ya yarda da shi, don warin barasar gida da ke fita daga bakinsa ya isa shaida.

Ya leƙa cikin injin. A gefen batir ga safar mata ɗaure, cushe da gashin kare. Kowace mota a waɗannan duwatsu tana da irinta, saboda jder, ɗan dabban nan mai kama da tunku, da ke shiga inji ya ciccije wayoyi. Warin kare ne kaɗai ke korarsa. Safar Ilinca farin gashi ce fat, na karen kiwon mahaifinta.

Sai ya duba ƙwaƙwalwar da aka dasa. An naɗe bakin wayarta da baƙin tef, tsoho, wanda zafi ya narkar da danƙonsa. A jikin danƙon gashi ya manne, ya daɗe har ya zauna. Ja ne.

A duk Poiana Stei jan kare ɗaya ne, Vulpoi, wanda yake tsaye a bayansa yana kaɗa wutsiya. Kuma Vulpoi ba shi da wurin barcin rana sai ƙarƙashin teburin garejin Horia, inda duk abin da aka ajiye sai ya kwashi gashinsa.

Zamfir ya tsinci 'yan silin ya naɗe a takardar taba, ya sa aljihu. Ya miƙe ya ce ya manta tabaransa a gida. Ya yi wa kare fito, suka haye gada, ya ɗaure shi a gindin bishiyar gyaɗar turawa da ke bayan gida, abin da bai taɓa yi ba ranar tsere. Tabaran kuwa yana aljihun rigarsa tun safe. Ya ji kunyar kansa, amma ya bar karen a ɗaure.

*

Ya fara da Titi Mardare, don a bakin shinge ya tsinci guntun sigari irin wadda shi kaɗai ke sha. Titi ƙato ne mai murya, kuma tun da Ilinca ta fara wuce shi a kwanar gada yake cewa wannan mota ba ta Allah da Annabi ba ce. Mutanen Ilinca duk shi suke zargi.

Titi bai yi musu ba. Ya ce e, ya je bakin shingen, giya ce ta matse shi, kuma ya leƙa tayoyin yarinyar don ya ga irin da ta sa. Ya ɗaga ƙafarsa ya nuna wa Zamfir. Ƙafar ta kusa ninka sawun da ke ƙasa.

"Nea Zamfir, dubi yatsun nan," ya ce, ya baje hannu. "Maɓallin rigata ma matata ke sa mini. Ni zan kwance wannan 'yar aba a cikin duhu? In zan yi mata mugunta, gaban kowa zan yi, da baki."

Gaskiya ya faɗa. Zamfir ya so a ce ƙarya ce, ya kuma ji haushin kansa da ya so hakan.

Dorel Pislaru yana can gefe yana goge gilashin motarsa, wadda iri ɗaya ce da ta Ilinca. Mutumin birni ne, mai sanyin magana, ya daɗe yana riƙe da kambun wannan aji kafin yarinyar ta zo. Ya girgiza kai ya ce abin bai yi masa daɗi ba, yaro mai basira irin Horia. Shi kam bai san komai ba, tayar tirelarsa ce ta fashe a hanya, sai da gari ya waye ya iso, yanzun nan ma aka duba motarsa aka sa mata hatimi. Ya miƙa wa Zamfir kofi. Zamfir ya karɓa ya gode, ya cire shi daga lissafi, tunda motarsa ko kwana a harabar ba ta yi ba.

Saura mutum ɗaya. Horia na zaune a kan taya, hannuwansa baƙi ƙirin, ya zuba wa ƙasa ido. Zamfir ya tambaye shi inda ya kwana. Ya ce a gareji, shi kaɗai, yana gyaran wata babbar mota. Ya tambaye shi ko ya taɓa riƙe ƙwaƙwalwa irin wannan. Ya ce ya taɓa, wani ya kawo masa bara ya gwada, ya mayar. Takalminsa mai bakin ƙarfe ne, kuma girmansa bai yi nisa da na sawun ba.

"Baba, tambayata kake yi kamar ɓarawon itace," in ji Horia.

"Kowa haka na tambaye shi."

Horia ya ɗago ya dube shi, ya dubi gefen ƙafarsa inda kare ya saba tsayawa.

*

Zamfir ya koma bayan tarin katako ya zauna. Ya buɗe takardar taba a tafin hannunsa. Ya san abin da zai faru in ƙararrawa ta kaɗa: zai je gaban Vlaicu ya ajiye wannan gashi, ya ce na karensa ne. Ba zai iya yin ƙarya ba, shi ma ya sani, kuma sanin ne ke cin sa. Kofin Dorel ya huce a gefensa bai kurɓa ba.

A nan matarsa Profira ta same shi. Ba ta jira an tashi daga coci ba, labari ya iske ta tun a bakin ƙofa. Ta zo da tuwon masara da cuku a naɗe cikin tawul, da faɗa a bakinta. Ta ce wane irin tsoho ne zai ɗaure kare ya hana unguwa sakat da haushi, kuma wane irin uba ne zai zauna bayan katako ana cin naman ɗansa a gaba. Ta zauna tana haki, ta zare ɗankwalinta tana fifita da shi.

Zamfir kanta yake kallo. Profira, kamar kowace mace da ta ba hamsin baya a kwarin, jan rini take yi wa gashinta, ja mai duhu. Wannan karon ta yi jinkirin komawa, sai ga furfura ta taso daga tushe, ta yi iyaka da jan kamar an ja layi.

Ya ciro tabaran da ya ce ya manta, ya sa, ya kai takardar kusa da hanci. Silin ɗaya ja ne har rabi, daga nan fari, iyakar a miƙe. Wani ma haka. Kuma duk bakinsu a datse yake. Gashin Vulpoi da tsefe ake cire shi, yana zuwa da laushi da tsini. Wannan almakashi ya gani.

"Tsohuwa, dubi nan. Wane kare ne yake rina gashinsa?"

Ta karɓa ta ɗaga wa rana. Ba ta ɓata lokaci ba.

"Kare kuma? Wannan ai rinin Mioara ne. Ita kaɗai ke haɗa shi haka, duk mu wurinta muke zuwa a birni. Wa ya sani ma ko nawa ne."

"Wace Mioara?"

"Matar Dorel mana. A bene suke zaune, ba a bari su ajiye kare. Shi yake zuwa shagonta na gyaran gashi da jaka yana share gashin ƙasa, wai na jder. Mun sha yi masa dariya, muna cewa warinmu ya fi na kare ke nan."

Zamfir ya saki wata ajiyar zuciya da ya riƙe tun safe. Ya miƙe. Ya gutsuri tuwon ya kai baki, a tsaye, Profira na ce masa ya zauna ya ci kamar mutum.

*

Ƙararrawa na kaɗawa lokacin da Domnu Vlaicu ya tara su a ƙarƙashin rumfar kwano: Ilinca, Horia, Titi da Dorel, sauran jama'a kuma suka yi da'ira duk da an ce su ja baya. Zamfir ba mai jawabi ba ne. Ya roƙi alfarma ɗaya, kowa ya buɗe bonet ya ciro safarsa ta jder.

Aka yi 'yar dariya. Titi ya fara kawo tasa, wata ƙatuwa mai toka-toka, ya ce ta karnukansa biyu ce, in an zo ƙwace ta sai an biya shi safar matarsa. Ilinca ta ajiye fara. Dorel ya ce bai ga abin da safa ta haɗa da tsere ba, ko ita ma an sa ta cikin doka ne. Vlaicu ya ce ba a sa ba, amma ya kawo.

Zamfir ya yanka bakin safar Dorel da wuƙarsa, ya zazzage a kan farar takarda. Gashi ya zubo, baƙi kaɗan, ja mai yawa, wani da furfura a rabi. Wata mata a cikin taron ta kama kanta da hannu biyu. Ya buɗe takardar tabarsa ya ajiye a gefe, ya gaya wa Vlaicu inda ya tsince shi, ya ce a duba sauran da ke manne a tef ɗin.

"Wannan ƙwaƙwalwa ta daɗe tana zama kusa da wannan safa," ya ce. "Ni iyakar abin da na gani ke nan."

Dorel ya ce gashi ai iska na ɗaukarsa. Muryarsa ta fita siririya.

"Haka ne," in ji Zamfir. "To, Domnu Vlaicu, a duba wadda ka sa wa hatimi yau da safe a motarsa."

Vlaicu ya sunkuya da tocila. Ƙwaƙwalwar da ke motar Dorel ta kamfani ce, lafiyayya, hatiminta sabo. A jikin tef ɗinta farin gashi ne dogo, na karen kiwo. Ilinca ta leƙa, ta nuna wani ɗan karce a gefen akwatin, ta ce ranar da sukudireba ya kuɓuce wa Horia ne.

Dorel ya zauna a kan bambar motarsa. Babu wanda ya matsa masa, shi ya fara magana. Ya ce tun da yarinyar ta fara wuce shi ya sa aka yi wa tasa aiki, kuma da ita yake gudu tun bara. Jiya yana hanya aka buga masa waya cewa bana alƙalai sun zo da kwamfuta. Ta asalin ya daɗe da sayarwa, kuma a duk harabar mota ɗaya ce irin tasa. Tayarsa ba ta fashe ba, a bakin kogi ya ajiye tirela ya jira kowa ya watse. Ya ce ya so ya mayar da wayar hatimin yadda take, dalmar ta ƙi. Bai yi nufin kowa da sharri ba, in ji shi.

"Ka ba ni kofi," in ji Zamfir, "kana yi mini jajen ɗana."

Dorel bai ɗago ba. Vlaicu ya karɓi lasisinsa a nan take, ya ce sauran magana ta ofis ce. Titi ya je gaban Ilinca yana sosa ƙeya, ya ce to motar tata ta Allah ce ashe, amma duk da haka yau sai ya ba ta ƙura. Masu "mun faɗa" na ɗazu suka kewaye Horia suna dukan kafaɗarsa, suna cewa su dama sun san ba zai aikata ba.

*

Horia ya mayar da ƙwaƙwalwar Ilinca mazauninta, Vlaicu ya murɗa sabuwar waya ya matse dalma. Motoci suka fara jeruwa zuwa gindin dutse. Zamfir ya ɗauki tutarsa zai tafi kwanar gada inda yake tsayawa, jikinsa sakayau, har yunwa yake ji. Ya ji taku a bayansa, ya san na waye tun bai waiga ba.

Suka jera har bakin gada. Daga nan ana jiyo haushin Vulpoi, ya fara dishewa.

"Ni ma na ga jan gashin, Baba," in ji Horia. "Tun kafin ka zo. Na kuma ga ka tafi da kare ka dawo ba shi."

Zamfir ya tsaya. Ya nemi abin cewa a kan tabarau, ya ga ba shi da amfani.

"Na yi zaton kai ne."

"Na sani. Da ni ne, da ka faɗa musu?"

"Da na faɗa. Shi ya sa tun safe ko ruwa ya ƙi wuce mini."

Horia ya goge hannunsa a wando, ya daɗe yana kallon kogin. Can ƙasa injin farko ya yi gurnani, jama'a suka ɗauki ihu.

"Mama ta ce gobe za ta birni a rina mata," ya ce. "Wai Mioara ba ta yi mata laifin komai ba."

Zamfir ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa, ya bar shi a kan iskar dutse ce. Ya miƙa wa ɗansa wuƙarsa, don ya san irin ƙullin da ya yi wa igiyar ba mai kwantuwa da hannu ba ne.

"Je ka sako shi," ya ce. "Ka kawo shi nan kwana, kowa ya gan shi."